Bayan An Watse Zaman Makoki: Abin da Lambu da Tattaki Ke Yi wa Mai Jimamin Rashi

A kwanakin farko na rasuwa, mai rashi ba ya rasa jama'a. Tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta, duk wanda ya zo ya ce "Ya haƙuri?" a amsa masa "Da godiya", a yi wa mamaci addu'a a shafa. Ana yin uku, a yi bakwai, wasu su kai arba'in, daga nan kowa ya kama gabansa. To a lokacin ne nauyin ke sauka a kan mai shi, kuma likitoci sun daɗe da gano cewa nauyin ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba. A 1969 likitan ƙwaƙwalwa Colin Murray Parkes da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bibiyar maza 4,486 a Birtaniya, 'yan shekara 55 zuwa sama, waɗanda matansu suka rasu. Cikin wata shida na farko 213 daga cikinsu suka bi matan nasu, adadin da ya ɗara na tsaransu masu mata a raye da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukar su. Ke nan watannin da suka fi haɗari su ne waɗanda masu ta'aziyya suka riga suka ɗauke ƙafa.

Wannan giɓi ne ya sa ƙungiyoyin tallafa wa masu rashi da gidajen jinyar masu ciwon ajali a ƙasashe irin su Ingila, Amurka da Japan suka rungumi wata hanya mai sauƙi: fitar da mai jimami daga ɗaki zuwa fili. Ana haɗa su rukuni-rukuni su yi tattaki a gefen kogi ko cikin itatuwa, ko a ba su fuloti a lambu su shuka su yi ban-ruwa, ko su dasa itace da sunan wanda suka rasa, ko a kai yara marayu sansanin 'yan kwanaki a bayan gari. Ra'ayina shi ne wannan hanya tana da amfani na gaske, amma ba don ganye da iska suna goge baƙin ciki ba. Amfaninta yana cikin abubuwa uku da take haɗa wa mutum a lokaci guda, waɗanda rashi ke ƙwacewa: dalilin fita daga gida a ƙayyadadden lokaci, aikin da hannu zai yi yayin da zuciya ke nata, da zama cikin mutane ba tare da an tilasta masa magana ba. Wanda ya fahimce ta haka zai ci moriyarta, wanda kuwa ya ɗauke ta maganin kowane irin jimami zai cutar da waɗanda suka fi bukatar taimako.

Abin da bincike ya nuna

A Ingila har an mayar da abin tsarin hukuma. A 2020 gwamnati ta sanar da wani shiri da ya ci fam miliyan 5.77, aka gwada shi a yankuna bakwai tsakanin 2021 da 2023. Yadda ya yi aiki shi ne, likitan unguwa ko wani ma'aikacin lafiya ya ga mutum yana fama da damuwa ko kaɗaici, sai ya tura shi wurin jami'in da aikinsa shi ne sanin ƙungiyoyin da ke yankin, shi kuma ya zauna da shi su zaɓi abin da ya dace, ko aikin lambu, ko tattaki cikin rukuni, ko gyaran gandun daji. Fiye da mutum 8,000 suka shiga. A rahoton tantancewar da aka fitar a 2024, makin da mahalarta suka ba kansu na jin daɗin rai ya tashi daga 5.3 zuwa 7.5 cikin 10, na fargaba kuma ya sauka daga 4.8 zuwa 3.4. Ba don masu rashi kaɗai aka yi shirin ba, amma kaɗaici da rashin barci da mutuwar jiki da yake ƙoƙarin ragewa su ne abokan tafiyar jimami.

Shirin bai faɗo daga sama ba, akwai binciken shekaru kusan arba'in a bayansa. A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti da kusan kwana guda, kuma sun sha maganin kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da na sauran. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Gregory Bratman, suka raba mutum 38 gida biyu, wasu suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu a gefen titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi ta cikin itatuwa sun dawo da ƙarancin saƙe-saƙen zuci, irin tunanin nan da mutum ke ta juyawa a kan abu guda ba ya kai shi ko'ina, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna sashen da ke da alaƙa da wannan tunani ya lafa. A 2019 wani nazari kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya gano cewa waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna cikin ƙoshin lafiya, ko a zama ɗaya suka yi su ko a rarrabe. Sai kuma a 2021 Peter Coventry na Jami'ar York da tawagarsa suka tattara bincike 50, suka ga shirye-shiryen da suka fi tasiri su ne masu ɗaukar mako 8 zuwa 12, kowane zama minti 20 zuwa 90. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga batunmu, domin ya nuna fita ɗaya ta shan iska ba ta wadatar, maimaitawa ce ke aiki.

Saƙar zuci ita ce mahaɗar wannan bincike da jimami. Mai rashi yakan kwana yana tufka da warwara: da an kai shi asibiti da wuri, da ban bar shi ya yi tafiyar nan ba, da na nemi gafararsa. Mutane da yawa sun saba jin cewa jimami matakai biyar ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya, ra'ayin da ya samo asali daga littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969, alhali ita marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwar kansu ta nazarta. Bayanin da masana suka fi aiki da shi yanzu shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wanda suka gabatar a 1999. Sun ce mai jimami yana kai-komo ne tsakanin hali biyu. Wani lokaci ya fuskanci rashin, ya yi kuka, ya tuna, ya yi kewa. Wani lokaci ya juya ga rayuwar da ta rage, ya koyi abin da mamaci ke yi masa, ya biya kuɗin makarantar yara, har ya yi dariya. Lafiya tana cikin kai-komon, matsala kuma tana zuwa ne in mutum ya maƙale a gefe guda. Kamar mai ɗauke da kaya ne a ka zuwa kasuwa mai nisa: in bai sauke ya huta ya gyara gammo ba, ba zai kai ba, in kuma ya sauke ya ƙi sake ɗauka, nan ma bai kai ba.

Aikin lambu da tattaki sun dace da wannan kai-komo fiye da zaman ɗaki. Mace tana cirar ciyawa a tsakanin tumatir, hawaye ya zo mata, ba wanda ya zuba mata ido, can ta ga tsutsa ta kama ganye, hankalinta ya koma kan ganyen. A cikin rabin sa'a ta shiga jimami ta fita sau da yawa ba tare da wani ya ce mata "yi kuka" ko "daina kuka" ba. Haka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, idonsu na kan hanya, shiru a tsakaninsu ba ya zama abin kunya kamar yadda yake zama in ana fuskantar juna a kan kujera. Wannan ya fi amfani ga maza, waɗanda a al'adu da yawa aka tarbiyyantar a kan cewa namiji ba ya kuka a gaban mutane, ga kuma yara, da ba su da kalmomin faɗin abin da ke cin su. Shi ya sa sansanonin marayu irin su Comfort Zone Camp da Camp Erin a Amurka suke cakuɗa wasa a fili da zaman tuna iyaye. Ita shuka kuma tana da wani hali: ba ta san an yi mutuwa ba, in ba a ba ta ruwa ba za ta bushe. Mutumin da ya rasa wanda yake tashi dominsa da safe ya sake samun abin da ke jiran sa.

Wani lambu a kan tudu

Garin Otsuchi da ke gaɓar teku a lardin Iwate na Japan ya nuna abin a fili. A 2010 wani mai tsara lambuna, Itaru Sasaki, ya rasa ɗan'uwansa sakamakon ciwon daji. Sai ya kafa wata farar rumfar tarho mai gilasai a lambunsa da ke kan tudu yana kallon teku, ya ajiye tsohuwar baƙar wayar tarho a ciki wadda ba a jona ta da komai ba, ya riƙa shiga yana faɗin abin da ke ransa. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar tsunami da ta shafe garin. Cikin mazauna kusan 15,000, fiye da 1,200 suka mutu ko suka ɓata, har da magajin garin, wasu har yau ba a ga gawarsu ba. Sasaki ya buɗe lambun ga kowa, kuma an ƙiyasta fiye da mutum 30,000 sun ziyarce shi. A cikin rumfar akwai littafin da baƙi ke rubuta saƙo. Wasu su ɗauki kan tarhon su yi ta magana, wasu su riƙe shi kawai su kasa cewa komai.

Labaran da aka yi ta yaɗawa sun fi mayar da hankali kan tarhon, amma ya kamata a lura da inda aka ajiye shi. Kafin mutum ya kai gare shi sai ya bar gida, ya yi tafiya, ya hau tudu, ya ratsa cikin furanni da itatuwa, ya tsaya yana hangen tekun da ya cinye masa mutane, in ya fito kuma ga wurin zama ya huce kafin ya koma. Da a tashar jirgin ƙasa aka kafa rumfar, mutane na wucewa suna leƙe, da wuya ta yi wannan tasiri. Lambun ne ya ba da sutura, ya ba da lokacin shiryawa da na dawowa hayyaci. Ga mutanen da ba su samu gawar da za su binne ba, balle kabarin da za su ziyarta, ya zama wurin da jimami ke da adireshi, a je a same shi, a kuma baro shi a can a dawo gida a dafa abinci.

Masu ja da wannan hanya

Suka ta farko ita ce hujjar ba ta yi ƙwari ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum 46 da mutum 38 ba taro ba ne. Shirin Ingila bai da rukunin da aka bari ba a yi wa komai ba domin a gwada, ga shi kuma yawancin masu rashi suna samun sauƙi da kansu in lokaci ya ja, kamar yadda binciken George Bonanno na 2002 ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka rasa abokan aurensu ba su faɗa cikin matsananciyar damuwa mai ɗorewa ba. Wataƙila ma masu ƙarfin fita tattaki su ne waɗanda dama suka fara warwarewa. Duk da haka ya kamata a auna hujjar da girman abin da ake nema. Ba tiyata ake cewa a yi ba, ba kuma ƙwaya mai illa za a haɗiya ba. Motsa jiki, hasken rana, daidaituwar barci da cuɗanya da mutane kowannensu yana da hujja mai ƙarfi ta kansa, lambu da tattaki kuma tattara su suke yi wuri guda. Ko da a ƙarshe aka gano cewa rabin amfanin daga abokan tafiya yake fitowa, hakan bai rushe komai ba, domin tafiyar ce ta tara su. Hausawa sun riga sun ce zumunta a ƙafa take.

Suka ta biyu ta fi kaifi: manomi a cikin gona yake wuni, makiyayi a daji yake kwana, amma ba wanda ya ce mutuwa ba ta girgiza su, saboda haka wannan shagalin 'yan birni ne masu ƙoshi. Mai karatu a Zamfara ko Katsina ko Borno zai ƙara da cewa a wurinsa daji ba wurin hutu ba ne, watakila ma a can aka kashe wanda yake jimami. Wannan suka ta rushe da'awar cewa ganye kansa magani ne, amma ba ta taɓa abin da nake karewa ba. Manomin da ke huɗa shi kaɗai, yana lissafin bashin taki, aiki yake yi, ba wanda ya keɓe masa lokaci domin rashinsa, ba kuma wanda ke gefensa da ya san irin zafin. Sannan ba dole sai gandun daji ba. Kwanon zogale a tsakar gida, fulotin alayyafo a fadama, inuwar darbejiya a harabar makaranta, duk suna iya ɗaukar wannan aiki matuƙar wurin amintacce ne. Ita kanta kaɗaita a jeji tana iya zama tarko. Marubuciyar Ingila Helen Macdonald, a littafinta H is for Hawk na 2014, ta ba da labarin yadda ta keɓe kanta tana horar da shaho bayan rasuwar mahaifinta, har keɓewar ta jefa ta cikin ciwon damuwa, sai da ta koma cikin mutane ta ga likita sannan ta samu kanta.

Suka ta uku daga ɓangaren addini take zuwa: haƙuri da addu'a da miƙa lamari ga Allah su ne maganin rashi, me ya kawo lambu? Musulmi ba ya bukatar rumfar tarho, yana da addu'a da ziyarar maƙabarta da sadaka. Amma fita da aikin hannu ba kishiyoyin haƙuri ba ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa 'yar'uwar mahaifiyar Jabir ɗan Abdullahi tana cikin iddar saki ta so fita ta girbe dabinonta, wani mutum ya tsawata mata, da ta kai maganar ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ba ta izinin fita, ya nuna mata cewa za ta iya yin sadaka ko wani alheri da abin da ta girba. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai takaba, a wata huɗu da kwana gomanta, tana iya fita da rana domin bukatunta, ta kwana a ɗakinta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Iyalin da suka dasa mangwaro ko dabino a inda jama'a za su amfana, da niyyar ladan ya kai ga mahaifinsu, suka kuma ɗora wa kansu ban-ruwansa har ya kama, sun haɗa abin da addini ya kwaɗaitar da abin da masu bincike suka gano, ba tare da aro daga kowa ba.

Suka ta huɗu ita ce wadda ba a iya kaucewa, sai dai a karɓe ta a matsayin iyaka. Akwai jimamin da ya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022: kewa mai tsanani da ta wuce wata shida, ta zarce abin da al'adar mutum ta saba, ta hana shi gudanar da rayuwa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan da suka yi rashi yana faɗawa ciki, kuma haɗarin ya fi yawa in mutuwar ta zo ta hanyar kisa, haɗari ko bala'i. Irin waɗannan magani na musamman suke bukata. A gwajin da Katherine Shear ta wallafa a 2005, zama 16 na jinyar da aka tsara musamman don wannan ciwo ya taimaki kashi 51 cikin 100, yayin da jinyar tattaunawa da aka saba ta taimaki kashi 28. Haɗarin shi ne hukuma ta ga tattaki ya fi likita araha, ta miƙa wa mai wannan ciwo fartanya ta ce ta sauke nauyi. A ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, kamar Najeriya, wannan jaraba ta fi ƙarfi.

Sharuɗɗan da za su sa ta yi amfani

Daga duk wannan ana iya fitar da sharuɗɗa. Gayyata ake yi, ba tilas ba, domin bitar bincike 61 da Joseph Currier da abokansa suka yi a 2008 ta nuna cewa tallafin da ake ɗora wa kowane mai rashi, ko ya nema ko bai nema ba, amfaninsa kaɗan ne, ya fi tasiri ga waɗanda ke cikin wahala a zahiri. A sa rana da lokaci tsayayyu na tsawon wata biyu zuwa uku, a fara bayan jama'a sun janye. Rukunin ya zama ƙarami, wurin ya zama kusa kuma amintacce, a yi la'akari da tsoho mai ciwon gwiwa da mai goyo da zafin rana. Kada a zaunar da kowa a ce sai ya faɗi yadda yake ji. In za a dasa itace da sunan mamaci, a zaɓi irin da ke jure ƙasar wurin, a dasa a farkon damina, a kewaye shi saboda awaki, a kuma gaya wa iyalin tun farko cewa dashe yakan mutu a sake wani, don kada bushewarsa ta zama rashi na biyu.

Sharaɗi mafi girma yana kan wanda ke jagorantar rukunin, ko ma'aikacin lafiya ne, ko malamin unguwa, ko shugabar ƙungiyar mata. Dole ya san alamun da ke cewa abin ya fi ƙarfin lambu: wanda wata shida sun wuce bai koma cin abinci da barci ba, wanda ya kama shaye-shaye, wanda ke cewa gara ya bi mamaci. Irin wannan a ranar ake raka shi asibiti, ba a jira mako mai zuwa. A nan ne ma wata fa'idar hanyar take, wadda ba a cika ambata ba: mutumin da ake gani duk mako ba ya lalacewa a ɓoye, in bai zo ba za a tambaya, in ya rame za a lura. Shirin da ya samar da wannan sa-ido, ya kuma san ƙofar asibitin da zai ƙwanƙwasa in bukata ta taso, ya cancanci a kashe masa kuɗi da lokaci. Wanda bai tanadi wannan ba, bai kamata a damƙa masa masu rashi ba, komai kyan lambunsa.